Ashe Hedimasta suke ce min a bayan idona

Kafin damina ta kankama muka yi mitin a gidanmu kan maganar rufin ɗakin Hajiya, kwanon ya tsufa tun na zamanin marigayi Baba ne, ruwa kaɗan in ya sauka sai an jera bokitai da robobi a tsakar ɗaki kamar masu sayar da ruwa. Mu bakwai ne a wajenta, shida muka hallara, ƙanina ɗaya yana Fatakwal wajen aiki bai samu zuwa ba, shi ne autarmu ta ce bari ta yi rikodin a waya ta tura masa a guruf ɗin gida kar gobe ya ce an yanke magana ba da shi ba. Ni ban ma lura da lokacin da ta ajiye wayar a kan tabarma ba. Aka yi magana aka gama, aka raba wa kowa abin da zai kawo na kwano da katako da kuɗin kafinta, na tashi na kama hanya ina jin daɗi a raina, ina cewa alhamdulillahi ni dai Allah ya ba ni iya tafiyar da taro, babu wanda ya ɗaga murya, babu wanda ya tashi da fushi.

Da daddare an ɗauke wuta zafi ya hana ni barci, sai na sa iyafis na danna abin nan, niyyata kawai in ji ko lissafin kuɗin ya fito da kyau. Minti 38 ne.

Abin da ya fara ba ni haushi muryar ce. Wane ne kuma wannan mai magana ta hanci kamar mura ta kama shi? Ni a kunnena muryata tana da kauri, muryar manya, amma wadda ke fitowa daga wayar nan siririya ce mai tsini, irin wadda in wani ne yake yi min magana da ita minti biyar ya isa in fara duba agogo. Wannan kam an san dalilinsa, in mutum yana magana sautin ta hanya biyu yake isa kunnensa, ta iska kamar yadda kowa ke ji, da kuma ta ƙasusuwan kansa, to wannan ta ƙashin ita ke ƙara masa kauri da daɗi. Rikodin ba ruwansa da ƙashinka, ta iska kawai yake ɗauka. Ma'ana dai muryar da na tsana a daren nan ita ce wadda matata da 'ya'yana da abokan aikina suka sani shekara da shekaru, waccan mai daɗin ni kaɗai ne a duniya na taɓa jin ta.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Ana minti na uku ƙanwata mai bi min ta fara cewa "Yaya ni a ganina da an fara tambayar..." sai na ji mai hancin nan ya ce "a'a tsaya, tsaya ki ji". Ta tsaya. Ba ta sake ɗauko maganar ba har aka tashi. Can wani ƙanin nawa ya ce akwai wani kafinta da ya sani, mai hanci ya ce "bari in ƙarasa mana". Na fara ƙirgawa da yatsu a cikin duhu, yatsun hannu biyu suka ƙare na koma farko. Wallahi har Hajiya sai da na katse, mahaifiyata, ta ce "to ni dai da so samu ne..." na ce "Hajiya ki bar mana wannan, mun gama magana a kansa". Kuma duk lokacin da na katse mutum sai a yi wani ɗan shiru na sakan biyu ko uku, kana jin kukan akuyar maƙwabta da ƙarar cokali a kofi, sannan wani ya ce "hmm, shi ke nan". Wannan shirun shi ne na taho gida ina kira haɗin kai.

Washegari na kira ƙanwar tawa na ce jiya kin fara wata magana, me kike son cewa ne? Ta ce "ba komai Yaya, ai an riga an gama". A hankali ta faɗa, cikin ladabi, da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Ka san abin da ya fi ɗaure min kai, da ranar Juma'ar da ta gabaci mitin ɗin ka tare ni ka ce bayyana min halinka, abu na farko da zan ce maka shi ne ni mutum ne mai sauraren mutane. Da zuciya ɗaya zan faɗa, ba ƙarya nake shirin yi maka ba. Har rubutu na taɓa yi a Facebook kan muhimmancin sauraro a zaman aure, mutane suka yi ta jinjina suna Allah ya ƙara basira malam.

Sai na nufi gidan taubashiyata, ɗiyar Gwaggo, don ita ce mutum ɗaya a dangi da ba ta raga min tun muna yara. Na ba ta labari ina jiran ta ce haba ai ba haka kake ba. Ta ajiye tsintsiyar hannunta ta yi dariya har da riƙe ciki ta ce "sai yau ka sani, Hedimasta?" Na ce wane ne Hedimasta? Ta ce "kai mana, sunan nan ya fi shekara goma, har jikokin Hajiya sun sani, in an ji ƙarar mashin ɗinka a ƙofar gida cewa ake a gyara zama ga Hedimasta nan". Ban gama haɗiye wannan ba ta ƙara min da cewa wai akwai wani guruf ɗin na gida daban da babu ni a ciki, a can ake tattauna magana ta gaskiya, in an gama sai a kawo wancan da nake ciki in sa hannu. Na ce ke ma kina ciki? Ta ce "ni ce admin".

Hausawa sun gama magana da suka ce gwano ba ya jin warin jikinsa. Na san karin maganar nan tun ina firamare, na sha jefa wa mutane ita, ban taɓa kawowa a raina cewa gwanon ma in ka tambaye shi zai iya kawo maka ita daidai ba tare da ya san da shi ake ba. Haka ma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kowa ya haddace, kuma duk wanda ka ji ya faɗa to da wani yake.

Na yi ta juya abin a raina kwana da kwanaki, sai na ga kamar maganar murya da ƙashin kai ɗin nan ita ce dai maganar hali. Ni a ciki ina jin abin da na faɗa haɗe da niyyata, su kuma a waje abin da na faɗa kawai suke ji. Lokacin da na ce tsaya ki ji, a raina cewa nake kar lokaci ya ƙure magariba ta yi ba a cimma komai ba, taimako nake yi. Ita kuwa abin da ya isa kunnenta shi ne maganarki ba ta da amfani. Niyyar nan tawa ita ce ƙashin da ke ƙara wa muryata daɗi, kuma babu wanda yake jin ta sai ni. Shi ya sa in wani ya makara sai in ce ba shi da tsari, in ni na makara go-sulo ne. In wani bai gaishe ni ba girman kai ne, in ni ban gaida mutum ba ai hankalina ne ba ya wajen.

Masu binciken halayyar ɗan Adam sun daɗe da auna wannan. A 1981 wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Ola Svenson ya tambayi ɗalibai masu tuƙi a Amurka da Suwidin su kwatanta iya tuƙinsu da na sauran, kashi 93 cikin ɗari na Amurkawan suka sa kansu a cikin rabin da ya fi iyawa, na Suwidin kashi 69. To in kusan kowa yana rabin sama su wa suka rage a ƙasa? Ni ba sai na je Amurka ba ma, ka tsaya a danja ɗaya a Kano da yamma ka saurara, mai mota yana zagin ɗan adaidaita, ɗan adaidaita yana zagin mai mashin, mai mashin yana zagin mai kura, ban taɓa jin wanda ya leƙo ta taga ya ce ku yi haƙuri jama'a ni ne ban iya ba. Akwai kuma wani binciken na 1979 a Kanada, Michael Ross da Fiore Sicoly, suka tambayi ma'aurata kowa daban nawa ne kasonsa a ayyukan gida, da aka haɗa na miji da na mata sai jimillar ta riƙa wuce ɗari bisa ɗari. Ba wai ƙarya suke shararawa ba, kowa aikin da ya yi da hannunsa ya fi tunawa, wanda ɗayan ya yi yana barci ko yana kasuwa bai gani ba balle ya shiga lissafi.

Abin da ya fi tsaya min a wuya shi ne shekara goma ana kirana da suna babu wanda ya faɗa min. Da farko fushi na yi, na ce munafunci ne. Daga baya na sauko na tambayi kaina, to wa zai faɗa? Ni ne babba, tun rasuwar Baba ni ake kallo, kuma mu an tarbiyyantar da mu da kunya da kara da kawaici, ƙani ba ya duban tsabar idon yayansa ya ce Yaya ka cika katse mutane. Kawaici abu ne mai kyau, shi ya riƙe gidaje da yawa da tuni sun watse, amma yana da kuɗin da ake biya, kuma wanda ake yi wa kawaicin shi ke biya bai sani ba. Kullum kana ƙara girma masu iya gaya maka gaskiya suna raguwa. Yaro ɗan shekara bakwai kowa a unguwa madubinsa ne, ya yi ba daidai ba tun kafin ya iso gida an gyara masa zama. Amma ka dubi Alhaji mai kuɗi a majalisarsa, ya faɗi abin da ko yaro ya san ba haka ba ne 'yan amshi su ce gaskiya ne ranka ya daɗe, haka zai tsufa ya mutu yana ganin duk garin babu mai hikimarsa. Da ina yi wa irinsu dariya, ashe ni ma ina da 'yar majalisata ta mutum shida a kan tabarmar Hajiya, kuɗin ne kawai babu.

Sai dai magabatanmu ba su bar abin haka kurum ba, da suka rufe ƙofar gaba sun bar taga a baya. Wasan taubasai, wasan kaka da jika, wasan Kanawa da Zage-zagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, duk wurare ne da aka yarda a gaya maka magana mai zafi kuma ba ka da ikon yin fushi. A Nijar ma har hukumar UNESCO ta sa wannan wasan na barkwanci tsakanin dangi da ƙabilu cikin jerin al'adun duniya da ake karewa a 2014. Ga tashe da azumi, yara su yi shigar tsoho ko malami ko mai rowa su kwaikwayi halin manya a ƙofar gidan manyan, a yi dariya a ba su hatsi ko 'yan canji. Ga habaici, a jefa magana sama mai kaya ya ɗauki kayansa. Da na tuna sai na ga ashe an sha gaya min, marigayiya kakata kusan duk zuwan da zan yi sai ta ce "kai dai mai gidan nan da ana sayar da kunne a kasuwar Kurmi da na sayo maka guda biyu". Dariya nake yi in ce tsohuwa kin fiye tsokana. Sau nawa ta faɗa, ya fi a ƙirga. Yanzu shawarar da zan ba duk wanda ke son sanin kansa ba tare da ya biya ko sisi ba, ya zauna ya tuno tsokanar da aka fi maimaita masa, wadda mutane daban-daban da ba su haɗa baki ba suke yi masa iri ɗaya, to a nan kayansa suke.

Imamu Gazali a cikin littafinsa Ihya ya kawo hanyoyi huɗu da mutum zai bi ya san aibin kansa, ko ya zauna gaban malami mai basira da zai nuna masa, ko ya samu aboki mai gaskiya ya ɗora shi a kan sa masa ido, ko ya saurari abin da maƙiyansa ke faɗa a kansa, ko kuma ya shiga cikin mutane duk abin da ya gani ya ƙi a wajensu ya koma ya bincika ko yana da shi. Ta ukun nan ce ta fi ba ni wahala, don maƙiyi zai ƙara gishiri tabbas, amma da wuya ya ɗora tukunya babu komai a ciki. Akwai wani abokin aikina da ba ma shiri, ya taɓa ce min a gaban mutane "kai ai ba a magana da kai sai dai a saurare ka", na riƙe shi a zuciya shekara biyu ina cewa hassada ce. Yana iya yiwuwa hassadar ce kuwa, amma maganarsa da ta kakata da ta wayar autarmu duk ɗaya ce.

To amma kar in zuzuta idon mutane ya wuce kima, akwai inda ba ya kaiwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi kansa Gazalin labarinsa ya nuna haka. A 1095 yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 a gabansa, sarakuna suna girmama shi, babu wanda ya ga aibu a tare da shi daga waje. Shi ne da kansa ya duba niyyarsa ya ga ba don Allah tsantsa yake karantarwar ba, neman suna da matsayi ne ke tura shi. Ya yi kusan wata shida yana jan ƙafa, yau ya ce zai bari gobe ya fasa, har harshensa ya ƙulle ya kasa ba da darasi, abinci ma ya gagare shi, likitoci suka ce wannan ciwo daga zuciya yake. Daga ƙarshe ya bar komai ya fita kamar zai tafi Makka ya nufi Sham, sai bayan shekara goma da wani abu ya koma koyarwa a Naisabur. Wannan babu rikodin ɗin da zai kamo shi, babu taubashin da zai tsokane shi a kai. Alƙur'ani a suratul Ƙiyama aya ta 14 da 15 ya ce mutum mai gani ne a kan kansa ko da ya jero uzurorinsa.

Ayar nan ita ta hana ni sakat, don wayar ta nuna min abin da nake yi ne kawai, ba ta gaya min me ya sa nake yi ba. Wannan ni na sani, na daɗe da sani, ɗaki ne da nake wucewa ta ƙofarsa kullum ba na buɗewa. Gaskiyar magana ita ce ƙanina na Fatakwal ya fi ni samu nesa ba kusa ba, duk wata hidima ta gidanmu kasonsa ya ninka nawa, kuɗin kwanon nan ma fiye da rabi shi ya turo. Ƙanwar da na katse ta fi ni karatu. Ni abin da ya rage min na girma shi ne a ce Yaya ne ya yanke, to in na bar wani ya kawo shawarar da ta fi tawa a gaban Hajiya me ya rage min? Abin da aljihu ya kasa shi baki yake ƙoƙarin cikewa. Ba lokaci nake tsoron ya ƙure ba, magariba ba ta taɓa damuna ba in ni ke magana. Rubuta wannan sakin layin ya fi duk sauran wuya, sau uku ina gogewa.

Na canza? Hmm. Masu cewa hali zanen dutse ba wawaye ba ne, kuma ni ban yarda da masu bidiyon nan na gano kanka cikin kwana bakwai ba. Sati ɗaya bayan abin na ce wa maiɗakina don Allah ki gaya min halina guda ɗaya da yake damunki, ba zan yi fushi ba. Ta kalle ni ta ce "da gaske kake ko gwada ni kake yi?" Na rantse mata. Ta gyara zama ta ce "to ka ga wani lokacin in ina ba ka labari..." na ce a'a tsaya, wannan ai dalili ne da shi. Muka kalli juna. Ita ta fara fashewa da dariya, ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Wanzami dai ba ya son jarfa, ni da nake raba wa mutane gyara kyauta safe da yamma ko rabin jimla ban iya ɗauka ba. Bambancin da na gani kawai shi ne da can ba na jin fitar kalmar, yanzu ina jin ta, wani lokacin bayan ta fita, wani lokacin tana kan harshe in yi sa'a in danne.

Ranar Asabar da ta wuce aka sake zama, wannan karon kan bikin autar tamu, har da su Gwaggo da 'ya'yanta. Tun a hanya na sayi goro na naira ɗari biyu na ce duk lokacin da bakina ya yi ƙaiƙayi sai in gutsura. Aka yi addu'a aka shafa, sai kowa ya juyo yana kallona. Na ce yau ku fara, ina jinku. Shiru. Wallahi sai da aka yi kusan minti guda babu wanda ya ce uffan, an saba jira, Hajiya har ta leƙo fuskata. Can ƙanwata ta yi gyaran murya ta fara magana a hankali tana yi tana satar kallona kamar mai tsallaka titi, ta kawo lissafin kayan ɗaki tsaf a rubuce a takarda, da farashin shago uku daban-daban da ta zaga da ƙafarta, ashe haka take zuwa kowane mitin da takarda a jaka. Sau biyu "tsaya" ta taso min har maƙogwaro na tura mata goro. Na uku ban san lokacin da na ɗaga hannu ba, sai na wayance na sosa ƙeya.

Taubashiyar tawa tana can gefe kusa da ƙofa tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ko ɗago kai ba ta ce "Hajiya a duba Hedimasta fa, yau ko haƙori ne ke damunsa".